Amsa kan Lis Hartel, matar da ta hau doki a Olamfik bayan shan inna

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayar da kika kawo wa wannan zaure, inda kika ce kin ji labarin wata mata da ta ci lambar yabo a wasan dawaki na Olamfik alhali ƙafafunta ba sa aiki, kina son ki san ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne ko alƙalai ne suka tausaya mata. Kin ƙara da cewa kina da ƙanwa wadda shan inna ya taɓa mata ƙafa ɗaya, ga ta da son doki ba kaɗan ba. Na daɗe ina hawa, na kuma daɗe ina koyar da hawa ga yara da manya, maza da mata, saboda haka zan amsa miki da abin da tarihi ya tabbatar, in haɗa da abin da na gani da idona a filin horo.

Labarin gaskiya ne. Sunan matar Lis Hartel, 'yar ƙasar Danmak ce, an haife ta a 1921 a Hellerup da ke arewa da birnin Kopanhagan, kuma mahaifiyarta ce ta fara koya mata hawa tun tana yarinya. Abin da nake so ki fara riƙewa, domin masu ba da labarin sukan tsallake shi, shi ne cewa ita ce zakarar ƙasarta a 1943 da kuma 1944, wato tun kafin ciwon ya same ta ta riga ta zama gwana. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan tushe ya tsaya.

Wasan da ta ƙware a kai shi ne gasar nuna horon doki, wadda ake kira diresaj. A cikinta babu tsere, babu tsallake shinge. Mahayi yana shiga fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20 shi kaɗai, ya bi jerin motsin da aka tsara tun farko, alƙalai suna ba kowane motsi maki. Doki zai yi taku, ya yi sassarfa, ya yi sukuwa mai taushi, ya tafi a karkace yana gicciye ƙafafu, ya kewaya a kan ƙafafunsa na baya, ya sauya ƙafar da ke jan gaba yana cikin sukuwa, har ya yi sassarfa a wuri ɗaya ba tare da ya matsa gaba ba. Abin da alƙalai suke nema shi ne a ga dokin yana yin duk waɗannan kamar don ra'ayin kansa, ba a ga mahayi yana fizgar linzami ko yana dukan ciki da dunduniya ba. A bisa koyarwar da kowa ya gada, yawancin umarnin daga ƙafa yake fitowa: ka ɗan matsa ƙwauri a bayan majayi dokin ya kauce gefe, ka matsa duka biyun ya ƙara kuzari. Ki riƙe wannan, domin a nan ne ciwon ya buge ta.

A 1944, tana da shekara 23, tana ɗauke da cikin ɗiyarta ta biyu, ƙasarta kuma tana ƙarƙashin mamayar sojojin Jamus, cutar shan inna ta kama ta. Babu rigakafi a wancan zamani, sai a 1955 aka sanar da allurar farko da ta yi aiki. Da farko kusan duk jikinta ya mutu. Allah ya sauke ta lafiya, jaririyar ta zo da ƙoshin lafiya, ita kuma ta shiga aikin dawo da jikinta gaɓa bayan gaɓa: ɗaga hannu, jan ciki, rarrafe, sannan tafiya da sanduna. Cinyoyinta sun dawo daidai gwargwado, amma daga gwiwa zuwa ƙasa bai sake motsi ba har ƙarshen rayuwarta, hannayenta ma ba su koma da ƙarfinsu na da ba. Likitoci ba su ga alamar za ta sake hawa ba. Ta sa aka ɗora ta, ta faɗo, aka sake ɗora ta. A 1947, shekara uku bayan kwanciyarta, ta zo ta biyu a gasar ƙasashen arewacin Turai, alhali sai an ɗaga ta an ɗora a kan sirdi, in ta gama kuma a sauko da ita.

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne wurin da mutane suke kokwanto, kuma shi ne wurin da na sani da jikina. Doki yana jin ƙuda in ya sauka a kan fatarsa, har ya girgiza daidai wannan wurin. Dabbar da ke da irin wannan ji ba za ta kasa gane inda nauyin mutum guda ya karkata a bayanta ba. Duk wanda ya taɓa goya yaro ya san cewa ba sai yaron ya yi magana ba: in ya leƙa hagu za ka ji, in barci ya kwashe shi za ka ji, in ya tsorata ya ƙanƙame za ka ji. Haka doki yake jin mahayinsa.

Akwai darasin da nake yi wa duk ɗalibin da ya fara jin cewa ya iya. Ina ɗaura wa dokin doguwar igiya in tsaya a tsakiya yana kewaya ni, in karɓe kamazuru daga hannun ɗalibin, in sa ya cire ƙafafunsa daga likkafa ya bar su suna reto, in ce masa ya tsayar da dokin. Da farko za ki ga hannayensa suna lalube a iska suna neman abin ja, gwiwoyinsa sun maƙale sirdi, dokin kuwa sai ƙara sauri yake yi domin matsi yake ji. Sai in ce masa ya miƙe bayansa, ya saki cinyoyinsa, ya fitar da numfashi a hankali, ya ɗaure cikinsa, ya daina bin motsin dokin da ƙugunsa. Za ki ga kunnen dokin ɗaya ya juya baya, takunsa ya gajarta, bayan taku biyu ko uku ya tsaya cak. Ɗalibai da yawa sukan waigo su dube ni suna zaton ni na ja igiyar. Daga wannan rana ne suke gane cewa mazauni da ƙugu da ƙashin baya su ne asalin linzami, hannu da dunduniya ƙari ne.

To, abin da lafiyayyen mahayi yake koya a matsayin gyara, shi ne ya zame wa Lis Hartel hanya ɗaya tilo. Kada wannan bayani ya sa abin ya yi kama da mai sauƙi. Tsayar da doki da nauyin jiki abu ne da ɗalibi zai iya cikin 'yan makonni, amma a ce goɗiya ta sauya ƙafa a kowane taku na sukuwa, ko ta tsaya tana sassarfa a wuri ɗaya da kuzari, ba tare da ƙwauri ya taɓa ta ba, wannan yana bukatar a sake gina dukkan alamun da ke tsakanin mahayi da dabbarsa daga tushe, a maimaita su shekara da shekaru har ƙaramin karkata na ƙugu ya zama kalma mai ma'ana ɗaya tak. Sannan ƙafar da ba ta aiki, ba zama take yi shiru ba, tana lilo tana bugun cikin doki a inda ba a nufa ba, dole dokin ya koyi yin watsi da wannan ya saurari wancan. Goɗiyarta mai suna Jubilee ta cancanci rabin yabon, haka ma mai horarwarta Gunnar Andersen, wanda ya yi aiki da su biyun. Na taɓa koyar da wata yarinya mai raunin ƙafar dama, kuma na ga yadda dokin da na ba ta, bayan wani lokaci, ya daina kula da bugun ƙafar nan kwata-kwata, amma da zarar ta sauke kafaɗarta ta ciki sai ya lanƙwasa ya shiga kwana. In wani lafiyayye ya hau shi washegari yana matse-matse da ƙafa, sai dokin ya rikice ya fara kaɗa wutsiya.

Raunin jikin Hartel shi ne shinge na farko a gabanta, kuma duk tsananinsa yana da wata siffa guda: ƙoƙarinta yana iya rage shi. Shinge na biyu kuwa ba ya jin ƙoƙari, domin a rubuce yake a takarda. Tun daga 1912 da aka tsara wasannin dawaki na Olamfik a kan fasalin da muka sani, fagen na hafsoshin soja ne kusan gaba ɗaya, mace kuwa ba ta da hurumin shiga ko da ta fi kowa iyawa. Dalilin a tarihin wasan yake: daga rundunonin sojan doki ya fito, sojoji ne suke da dawakan, su ne alƙalai, su ne suke rubuta dokokin. Ba mata kaɗai dokar ta tare ba. Sojan da bai kai muƙamin hafsa ba ana lissafa shi a matsayin wanda hawa sana'arsa ce, don haka shi ma ba ya shiga, domin a lokacin ba a barin wanda wasa sana'arsa ce ya shiga Olamfik. A gasar Landan ta 1948 tawagar Suwidin ta ci zinariya a diresaj, daga baya aka gano cewa ɗaya daga cikinsu, Gehnäll Persson, an ɗaga shi zuwa hafsa ne gab da gasar aka kuma mayar da shi matsayinsa bayan an gama, sai aka ƙwace lambar a 1949 aka ba Faransa. Mutumin ya hau da kyau, dokinsa ya yi abin da ake nema, amma aka ce igiyar kafaɗarsa ba ta kai ba.

A ganina, matar da ta zo ta biyu a yankinta a 1947 ta isa a gwada ta a Landan a 1948. Ba ciwon ne ya hana ta zuwa ba, domin a lokacin ta riga ta koma fage. Ko da ba ta taɓa yin rashin lafiya ba, ko da ƙafafunta sun fi na kowa ƙarfi, ƙofar a rufe take. Abin da yake damuna da irin wannan doka shi ne tana hana a samu hujjar da za ta rushe ta. Ana cewa mata ba za su iya ba, in ka nemi shaida a ce maka ai ba a taɓa ganin wadda ta yi ba, alhali ba a taɓa barin ko ɗaya ta shiga ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, su kuwa gwajin aka hana su.

Abin kunyar da ya biyo bayan ƙwace lambar Suwidin, tare da yadda rundunonin sojan doki suke ta rushewa bayan yaƙin duniya na biyu, ya sa aka sassauta dokar. A gasar Helsinki ta ƙasar Finlan a 1952 aka buɗe fage ga ƙananan sojoji da farar hula, aka kuma bar mata su shiga, amma a diresaj kaɗai. Mata huɗu suka zo: Lis Hartel daga Danmak, Ida von Nagel daga Jamus, Else Christophersen daga Norwe, da Marjorie Haines daga Amurka. Ba a ware musu rukuni ba, ba a rage musu komai ba, jerin motsi ɗaya da alƙalai ɗaya da maza. Hartel ta zo ta biyu, ta ɗauki azurfa. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Henri Saint Cyr, hafsan sojan Suwidin, wanda ya zo na uku kuma André Jousseaume na Faransa, tsohon hannu da yake cin lambobin Olamfik tun 1932, kuma rabin maki ne kacal ya raba shi da ita. Ida von Nagel ma ta samu tagulla tare da tawagar Jamus, don haka daidai magana ita ce Hartel ce mace ta farko da ta ci lamba ta ƙashin kanta a wannan fage.

Da aka zo ba da lambobi, ba za ta iya hawa dandamali da kanta ba, sai Saint Cyr ya je ya taimaka mata ta hau. Wannan shi ne abin da aka fi tunawa da shi, kuma ya cancanci a tuna, hali ne na mutumin kirki. Ni dai abin da yake ƙara taɓa ni shi ne cewa Saint Cyr yana cikin tawagar nan da aka ƙwace wa zinariyar 1948, ya san ɗacin dokar da take auna mutum da abin da ba hawa ba. Persson ma ya dawo a Helsinki da ainihin muƙaminsa ya ci zinariya tare da tawagar ƙasarsa. A wannan bazarar kuma, makonni kaɗan bayan gasar, annobar shan inna mai tsanani ta mamaye Kopanhagan, har ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa wa yara iska cikin huhu da hannu. Ki yi tunanin abin da labarin wannan mata yake nufi ga iyayen da 'ya'yansu suke kwance a lokacin.

Game da ko tausayi ne ya ba ta maki, amsata ita ce a'a, kuma ina da dalilai. Alƙalin diresaj ƙafafun doki yake kallo, da bayansa, da wuyansa, da bakinsa, yana duba ko kewayen ya fita daidai, ko sauyin ƙafa ya zo a kan alamar da aka sa. Doki bai san tausayi irin wannan ba: in alamar ba ta isa gare shi a kan lokaci ba, zai yi kuskure a gaban kowa, kuma kuskuren ba ya ɓoyuwa. Sannan tausayi, in ma akwai shi, sau ɗaya yake biya. Ita kuwa ta sake zama zakarar Danmak sau da dama a shekarun 1950, kuma a 1956 ta sake ɗaukar azurfa a kan Jubilee. A wannan shekara a Melbon ta Ostireliya aka yi Olamfik, amma dokokin killace dabbobi na ƙasar suka sa aka kai wasannin dawaki Istokholm, babban birnin Suwidin. An yi ƙorafi sosai a gasar cewa alƙalan Suwidin da na Jamus sun fifita 'yan ƙasashensu, sai ga sakamako: Saint Cyr na Suwidin na ɗaya, Liselott Linsenhoff ta Jamus ta uku, 'yar Danmak a tsakaninsu da tazarar maki goma daga zinariya. In da wani abu ya karkatar da alƙalanci a ranar, ba wajenta ya karkata ba.

Sauran ƙofofin a hankali aka buɗe su, kowace da uzurinta. Tsallake shinge sai a 1956 aka bar mata, nan take Pat Smythe ta samu tagulla da tawagar Birtaniya. Gasar kwana uku, wadda ta haɗa da sukuwa a daji ana tsallake katako da ramuka da ruwa, an ce ta fi ƙarfin mace har zuwa 1964, lokacin da Lana du Pont ta Amurka ta shiga a Tokiyo, ta faɗi a hanya, ta sake hawa ta ƙarasa, tawagarta ta ɗauki azurfa. A 1972 Linsenhoff ta zama mace ta farko da ta ci zinariyar diresaj ita kaɗai, a 1988 kuwa mata ne suka kwashe lambobin ukun duka. Shekara 36 ke nan tsakanin ranar da aka fara barin su shiga da ranar da babu namiji a kan dandamalin.

Ina so in faɗi wani abu da na gani, domin soke doka daga takarda ba ya kawar da ita daga zukatan mutane nan take. Na yi aiki a wata barga da 'yan mata suke zuwa tun asuba, su share, su goge dawaki, su fita da su kilisa, su ne suka san wanda yake ɗingishi da wanda ya ƙi cin abinci. Ranar gasa kuwa sai mai dawakan ya miƙa mafi kyawunsu ga samari, ya bar wa 'yan matan waɗanda ba a sa rai da su, bayan an tashi a ce ai ga shi nan, sakamako ya nuna. Babu wata doka da ta ce a yi haka. A wasan dawaki, wanda aka hana doki nagari an hana shi gasar ko da sunansa yana cikin jerin masu shiga. Wannan ya sa nake ganin wajibi ne a faɗi cewa Hartel ta samu abin da mata da yawa na zamaninta ba su samu ba: gidan da yake da halin riƙe doki, uwa mai koyarwa, miji da dangi da suka tsaya mata, da goɗiyar da ba wanda zai karɓe ya ba wani. Faɗin haka bai rage mata komai ba, yana dai tuna mana da waɗanda suke da irin zuciyarta amma ba mu taɓa jin sunansu ba.

Bayan ta bar gasa ta ci gaba da horar da mahaya, ta kuma ba da lokacinta wajen tallafa wa masu shan inna da yaɗa hawan doki a matsayin hanyar gyaran jiki ga masu naƙasa. Misalinta yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa wannan aiki a Turai, har aka kafa ƙungiyoyinsa a Birtaniya da Amurka a 1969, aka kuma sa diresaj cikin gasar Olamfik ta masu naƙasa a Atlanta a 1996. Ta rasu a 2009 tana da shekara 87.

Game da ƙanwarki, Malama, raunin ƙafa ɗaya ba ya hana hawa, amma a fara da likitan da ya san jikinta, musamman ya duba ƙugunta da ƙashin bayanta, domin su ne za su ɗauki aikin. A nema mata doki mai shekaru, mai sanyin hali, marar tutsu, kuma a bar ta da shi ɗaya, kada a riƙa sauya mata, saboda sabon da za su yi da juna shi ne jarinta. Ta sa hular kwano ko da taku kawai za a yi. A samu dakali ko tudun da za ta riƙa hawa daga kansa, mutum ɗaya yana riƙe da kan dokin, wani yana gefenta mai rauni. Abin da na fi jin tsoro ga mai irin lalurarta shi ne ƙafar da ba ta da ƙarfi ta zurma cikin likkafa ta maƙale, in ta faɗi dokin ya ja ta. Don haka ko dai a samo likkafa mai rufaffen gaba ko mai buɗewa da kanta, ko kuwa ta fara ba likkafa sam, a kan doguwar igiya, kuma kada a taɓa ɗaure mata ƙafa a jikin sirdi ta yadda ba za ta iya rabuwa da dokin ba. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ta malami mai haƙuri.